Gandiroban Da Ke Ƙwanƙwasa Ƙofa

Kawuna gandiroba ne, tun kafin a haife ni har zuwa bara da gwiwa ta ce masa ya isa haka. A gidansa na tashi, don mahaifiyata ta ce ba ta iyawa da ni, gara ta miƙa ni ga wanda aikinsa ke nan. Har gobe ina gaya wa mutane ni kaɗai ne fursunan da ya gagare shi.

In ka gan shi ba za ka ce ya taɓa tsare ko kaza ba. Gajere ne, ga sanƙo, ga murya kamar ta mai lallashin jariri. In ya taso daga aiki ba ya shiga ɗaki sai ya tuɓe kaki a bakin famfo ya saɓe hannuwansa da sabulu, wai kada warin wurin ya biyo shi kan tabarma. Labarin aiki kuwa ba ya yi. Ka tambaye shi ya aka yi yau, sai ya ce an buɗe, an rufe.

Ɗan abin da muka sani daga bakin wani kafinta muka ji, ranar da ya zo gyara mana ƙyauren kicin. Ni da 'yar Kawu muna tsugune muna tsince masa ƙusoshi, yana feƙe katako yana zuba. Ashe ya taɓa zama a can ciki, gidan yari. Ya ce sauran ma'aikata in sun zo, ƙarar makulli kawai za ka ji, ƙofa ta wangale, ko kana kan bokiti, ko kana kuka. Kawu kuwa, makullin na hannunsa, amma sai ya ƙwanƙwasa, ya ɗan jira, sannan ya buɗe. Abokan aikinsa har Baƙo suke ce masa don tsiya.

"Wannan ƙwanƙwasar," in ji kafintan, "ita ke tuna mini cewa har yanzu ni mutum ne."

Kawu ya leƙo ya ce masa ya yi abin da ya kawo shi. Ni kafin la'asar na manta da labarin. Ita 'yar Kawu ashe ta adana.

Barista muke ce mata. Kawu ne ya laƙa mata tun tana 'yar mitsitsiya, ranar da ta tsaya tana kare kyanwar da aka kama da baki a tukunya, wai ba wanda ya ga lokacin da ta buɗe murfin. Tun daga nan burinsa ɗaya ne: ya gan ta cikin baƙar riga a gaban alƙali, a ɓangaren da rana ke shiga, in ji shi.

Da ta gama sakandare ni aka ce in kai ta kwaleji ta duba kwasa-kwasai, tunda ni ne gwanin kwaleji a gidan: na shiga biyu, ba wadda ta iya riƙe ni. Muka zaga. Ga sashen lauyoyi, duk an tsuke cikin kwat ana zufa. Ga ɗakin gwaji inda ake koyon ɗaukar zanen yatsa da bin sawun jini, na ce mata nan ya dace da ita tunda ta saba gano wanda ya sha mata shayi. Ga kuma masu shirin shiga aikin ɗan sanda. Can ƙarshen baranda akwai wani tsukukun ofis mai fanka ɗaya, na nazarin laifuka da gyaran hali, masu aiki da fursuna tun yana ciki har ya fito ya tsaya da ƙafarsa. Nan ta shige. Ta daɗe har na yi barci a kan babur.

Da ta gaya wa Kawu zaɓinta bai ɗaga murya ba, shi ya sa na san abin ya yi zafi. Ya ajiye kofinsa ya dube ta.

"Mai tsaron fursuna shi ma fursuna ne, sai dai shi yana kwana a gida. Ban yi wannan tsayuwar don ki gaje ta ba."

Ta ce ai ba makulli za ta riƙe ba. Ya ce bangon dai ɗaya ne. Ta kawo maganar kafinta, ya ce kafinta ɗaya ta gani, ba ta ga waɗanda suka fita da safe suka dawo kafin wata ya ƙare ba. Na sa baki na ce a bar ni ni in karanta lauyan, aka haɗu aka harare ni. Ita dai ta ce in babu albarkarsa ba za ta yi rajistar komai ba, ga shi ƙarshen mako za a rufe. Ta shige ɗaki ta murza makulli.

Washegari har rana ta take ba ta fito ba, abincinta na bakin ƙofa ƙudaje na ɗaurin aure a kai. Inna, matar Kawu, ta zazzage gwangwanin maɓallai ta ciro ɗayan makullin ta danƙa masa, ta ce ya je ya buɗe 'yarsa, ai aikinsa ne.

Ya tafi yana jan gwiwa, ni ina biye don kada a yi ba ni. Ya kai makullin har bakin rami. Sai na ga hannunsa ya tsaya, ɗayan hannun ya ɗaga da kansa ya ƙwanƙwasa. Ya ja baya ya jira. Ina jin sai a lokacin ya lura da abin da ya yi, don ya daɗe yana kallon yatsunsa. Ya jefa makullin a aljihu.

"Barista," ya ce, "a karatun nan naku, ana koyar da ƙwanƙwasa ƙofa?"

Daga ciki ta ce cikin toshewar hanci, "Ban ji sun faɗa ba, Baba."

"To, wannan ni zan koya miki. Fito ki ci abinci."

Da ta buɗe bai dubi idonta ba, ƙafarta ya duba. Ya ce waɗannan silifas ɗin ba za su kai ta ko'ina ba, simintin wurin cin gwiwa yake yi, gobe za su je a zaɓo takalmi mai taushin ƙasa kafin su wuce kwaleji. Ya juyo gare ni ya ce in wanke babur.

Na tambaye shi ko ni ma za a saya mini. Ya ce ni ba takalmi nake bukata ba, turke ne.