Tagar Bulus Mai Aski

Duk wanda ya saba jiran mota a tashar Kawo wajen shekarar 1988 ya san shagon Bulus mai aski. Ni kam duk ran Asabar can nake kai kaina, ba don ya fi kowa iya aski ba, domin sau biyu yana yanka mini kunne. Talabijin ce take kai mu.

Bulus mutumin wajen Zonkwa ne. Ya zo Kaduna da almakashi ɗaya da kujerar aro, ya kama ɗaki guda ya raba shi biyu da falanki. Gaba shago, baya kuma inda yake zaune da matarsa Magajiya da 'yarsu Rifkatu. Mutum ne mai fara'a da surutu, amma da an zo batun fitar da kuɗi sai ya ɓata rai kamar an ɗura masa maɗaci. Tun da ya sayi talabijin, baƙi da fari, ya ɗora ta a kan kantar shago, wurin ya zama majalisa. Direbobi, 'yan kamasho, da mu ma'aikatan ofis, da yamma duk muna can. Mutum zai zo kallon ƙwallo, kunya ta sa ya hau kujera a aske shi ko da gashin bai taru ba. Bulus ya san haka sarai, talabijin ɗin nan ita ce jarinsa.

Shekara uku ana haka, sai ga Ɗanasabe, mai yankar lasisin rediyo da talabijin. Shi aikinsa da wuya yake yinsa, yana tafe kansa a sama yana neman eriya a kan gora. Ta Bulus kuwa ta fi ta kowa tsawo.

"Oga Bulus," in ji shi, "talabijin iri biyu ce a wajenmu. Ta gida lasisinta kaɗan ne. Ta wurin sana'a kuwa, wadda jama'a ke kallo, nata ya ninka."

"To ai tawa ce, ni na saya."

"Ba mai ita muke dubawa ba, inda take zaune muke dubawa. Zan dawo ran Litinin."

Kafin Litinin Bulus ya ari zarto. Ya yanka taga a jikin falankin nan, ya kai talabijin ɗaki ya ɗora a kan kabad ɗin Magajiya, fuskarta na kallon shago ta tagar. Da Ɗanasabe ya dawo, ya leƙa ta gaba, ya zagaya ya leƙa ta baya, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi a gida take," ya ce. "Sunan wa zan rubuta?"

Bulus, don kada a ce akwai abin da ya haɗa ta da shago, ya ce a sa sunan Magajiya. Muka yi ta tafa masa, har Isma'ila direba ya saya masa lemo. Ni ma na tafa, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne taga ba hoto kaɗai take nunawa ba. Daga benci ana hango gadon mutane da kwanukansu. Magajiya ta dai rataya labule, tana ɗagawa idan an kunna. Mako biyu aka yi lafiya. Ran wata Asabar da ake wani babban wasa, shago ya cika har bakin kwata, muka ji matan zumuntar cocinsu suna shiga ta ƙofar baya. Aka ɗaga labule, sai muka ga ƙeyar talabijin. An juya ta ciki, ana nuna wasan kwaikwayo a ɗaya tashar, mata sai shewa suke yi.

"Maman Rifkatu!" Bulus ya ƙwala kira. "Ƙwallo fa!"

"Muna kallo, Baban Rifkatu. In an gama."

Ba a gama ba sai da aka tashi wasan. Washegari ma haka. Majalisa ta fara zarewa da ɗai-ɗai zuwa shagon wani sabon mai aski a tsallaken titi, benci ya koma wurin barcin kyanwa.

Bulus ya ga ba sarki sai Allah. Ya je da ƙafarsa ya yanki lasisin shago, mai tsadar da ya guda. Ina kan kujera, rabin kaina a aske, ya miƙa takardar ta taga.

"Ga shi na biya. Miƙo ta mu mayar da ita wurinta."

Magajiya ta duba takardar ta mayar masa. "Wannan ta wace talabijin ce? Ta nan ɗakin tana da tata, da sunana a jiki." Sannan ta ce a hankali, "Shekara uku ina jin muryarta ta bayan katakon nan. Shago cike da maza, ta ina zan shiga? Ko sau ɗaya ba ka ce mini zo ki gani ba."

Tausayinta ya kama ni, na sunkuyar da kai, don ni ma ina cikin masu cika shagon. Bulus ya ƙarasa mini aski, ya ɗauko guntun falankin da ya yanke ya mayar da shi da ƙusa huɗu.

Majalisa ba ta dawo ba. Mu kaɗan muka ci gaba da kai masa kanmu, yana yi mana aski da 'yar rediyo a aljihun riga. Ƙarfe shida na yi yake rufe shago, ko da akwai mai jira, ya zagaya ta baya. Idan ka wuce ta lungun sai ka ji su su uku suna gardama a kan tashar da za a kama, kuma yawanci shi yake shan kaye.