Yaya Sale da Mahar ɗin Cikin Ƙanƙara

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa a maƙabartar Baƙi'a ta Madina. Ban yi boko mai nisa ba, don haka ku karɓi maganar yadda ta zo.

Shekara ashirin ya yi a sallajar kifi, wato ɗakin sanyi, a garin Yanbu na bakin teku. A waje rana na gasa mutane, shi yana ciki da riga uku, har sanyin ya cinye masa ƙirji. A can ya san mahar, wata halittar teku mai ɓawo biyu irin kumba, da ake kawowa da ranta a kan ƙanƙara. Ya ce a ƙasashen sanyi, idan teku ta janye ta bar ta a kan dutse, sai ta ƙulle baki gam. Ruwan da ke kewaye da namanta ya daskare, naman ya tsuke ya jira.

"Habu, bakinka zai kashe ka," in ji shi. "Ka zama mahar."

Na ce, "To Yaya, yaya take sanin ranar buɗewa?"

"Ba ita ke sani ba. Teku ke dawo mata."

Na bi maganarsa. Kafili, Balaraben da takardun zamana ke hannunsa, ya ci mutuncina, na yi gum. Aka sallame mu daga tuƙin motar alhazai a Bi'ir Ali, na yi gum. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni itacena ne ya ƙare. Yanzu iƙamata, takardar izinin zama, saura wata guda, kuma babu mai sabunta min ita. 'Ya'yana ina yi musu Hausa a ɗakinmu na unguwar Harra ta Gabas suna amsa min da Larabci. In kwashe su zuwa Kano wurin wa?

Da Yaya na nan, me zai ce? Ƙila dai "sabur" ɗin nan nasa, wato in yi haƙuri. Wallahi wani lokaci haushinsa nake ji: shi ya samu ƙasar Madina, babu mai tambayarsa takarda.

Amma abu ɗaya ya bar min. A sallaja, in suka ga mahar ta saki baki, ba sa jefar da ita sai sun ƙwanƙwasa ɓawon da yatsa. In ta motsa, da sauran rai. Yaya bai taɓa tsallake ko ɗaya ba, ko da ana yi masa tsawa ya yi sauri.

Ga shi na saki baki a jarida. Allah Ya jiƙan Sale. Ku da kuka rage, wani ya ƙwanƙwasa kafin watan ya ƙare.