Hawainiya da Garin Kununa

Ku matso kusa, ku gyara zama, in gaya muku abin da ya sami garin kununa. Amma sai na fara kai ku Adabka, gidan da na tashi, don daga can maganar ta taso.

Kakata Inna Ige masaƙiyar faifai ce. Da an ci tuwo, kafin a kira isha, sai ta zauna bakin murhu, garwashi ya yi jajur, ga kabarta da ta rina a jiƙe cikin ƙwarya. Kowane faifai nata tana zagaye bakinsa da kore, har Fulanin da ke saye don rufe nono suna gane nata tun daga nesa. Hannu na saƙa, baki na tatsuniya. Ita ba ta buɗewa kamar kowa. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa bakin zaure." Mu ce, "Ta shigo, Inna, da wuri." Hayaƙi na shiga mana ido, amma babu mai matsawa kada a ƙwace masa wurin zama.

Wadda ta fi zauna min a rai ita ce ta hawainiya. Wai hawainiya ta sami maganin ƙuma mai kyau, ta ce bari ta kai garin kaji. Ta tambayi kurciya wace riga ce manya ke sawa a duniyar tsuntsaye. Kurciya ta ce ai babu kamar ta shaho. Hawainiya ta rikiɗa ta koma launin shaho sak, ta rataya goranta, ta shiga gari tana taƙama. Uwar kaji ta yi ƙara ɗaya, 'yan tsaki duk suka shige ƙarƙashin rumbu. Hawainiya tana ta kira, "Magani na kawo muku!" Ko leƙowa babu wanda ya yi.

Sai ta hau kan zana ta yi shiru, ta daɗe tana kallonsu. Ta lura da safe inda suke fara rugawa shi ne bayan randa, wurin da ruwa ke ɗiga, ciyawa ta tsiro kore shar. Ta sauko ta koma wannan launin. Kafin ta aje goranta 'yan tsaki sun kewaye ta, har da mai hawa bayanta.

Ni da ba na barin magana ta wuce, na ce, "Inna, ashe yaudararsu ta yi."

Ta ɗan buge min gwiwa da faifai. "Ke, bakinki kamar na aku. Da babu magani cikin goran, to yaudara ta yi. Akwai shi. Tsoronsu kawai ta kawar, don su iya matsowa su gani."

Na yi aure a Gummi, kuma ni ba mai fita ba ce, duniyata tsakar gida. A nan nake haɗa garin kunun yaye: gero, gyaɗa da waken soya, in soya, in kai niƙa. Wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Filato, da muke ce wa Sista, ita ta ce in riƙa ƙullawa a leda da tambari, mata su san nawa ne. Ɗiyata Rukayya ta koyi zane a waya, ta ce aikinta ne wannan.

Ta zana min tambari ruwan zinare, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar ana watsa gari. Ta ce, "Inna, launi magana yake yi. Ja na tada yunwa, shuɗi na sa a yarda da mutum, ruwan zinare kuwa daraja ce. Duk kayan manya haka suke." Ni kaina ya burge ni. A cikin Gummi ma masu shago sun karɓa. Sai na haɗa da yawa, ƙanena Lawali ya ɗaure buhu bayan babur ya nufi ƙauyukan Anka.

Yadda ya tafi da buhun haka ya dawo da shi. Ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce, "Yaya, kayanki sun ƙi tafiya. Wata mata a Tungar Daji cewa ta yi, ɗauke min wanga abu daga gaban ɗana. Gari, kuma da ƙyallin zinare? Mu mun ga abin da irin wanga gari ya yi muna."

Ƙauyukan nan ne aka riƙa niƙa dutsen zinare cikin gidaje, garinsa mai gubar dalma ya shiga jikin yara, iyaye suka binne 'ya'yansu. Mu mun ɗauki abin da suka fi tsoro mun manna a kan abincin yaye. Ga damina ta matso, gari mai gyaɗa ba ya jiran danshi. Rukayya kuma ta shige ɗaki tana kuka, wai ta bar zane har abada.

Bayan magariba ina dama kunu na kira ta, ta zauna bakin murhu tana kumbure-kumbure. Na ce, "Ga wata baƙuwa bakin zaure." Ta ce, "Inna, ni ba yarinya ba ce." Na ba ta labarin duk da haka. Da na kai ƙarshe ta ɗago.

"Wato ni ce hawainiyar?"

"Ke ce mana, har da juya ido. Ɗaya kan waya, ɗaya kan tukunyata."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Na ce abin da aka koya mata ba ƙarya ba ne, kurciya ma ba ƙarya ta yi ba. Kaji ne ba a tambaya ba.

Ranar kasuwa ta hau bayan babur ɗin kawunta. Ta zauna cikin matan ƙauyukan, ta nuna musu launuka a wayarta, ta yi shiru tana sauraro. Suka tsaya kan kore irin na ganyen wake da fari irin na nono. Wata Bafulatana ta ce a sa ludayi, kowa ya san na sha ne. Da ta dawo na ba ta labarin faifan Inna Ige, sai ta zagaye farin da zoben kore, ludayi a tsakiya. Muka zauna muka ɓare tsofaffin takardun muka manna sababbi.

Da Lawali ya koma da buhun, ya ce matar nan ta Tungar Daji ce ta fara matsowa. Ta tambaye shi, "Garin ranan ne?" Ya ce shi ne, riga ya sauya. Ta buɗe, ta shinshina, ta lasa, sannan ta miƙa wa ɗanta a yatsa. Da yamma buhun ya dawo a naɗe, ɗaure bayan babur.

Ina yarinya na ɗauka Inna Ige wayo take koya mana. Yanzu na gane zaman da hawainiya ta yi kan zana shi ne labarin. Ku da kuke shirin buga tambari a kan sabulunku ko yajinku, kun je kun tambayi masu saye wane launi ne ya taɓa sa su kuka?