Kabarin Ranar Alhamis

A Madarumfa in ka tambayi Lawali kawai, za a ce wane daga ciki. In ka ce Lawali Alhamis, nan take a nuna maka bakin tafki, inda yake zama yana gyaran koma. Shi ƙanen mahaifiyata ne. Na sha zama kusa da shi ina riƙe masa zare, da kaɗan-kaɗan na tattara labarin inda ya samo wannan suna.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, ya tafi Gana neman aiki tare da ƙanensa Hamisu. Tsohuwarsu Hajara ta raka su har bakin gari. Ba ta yi musu dogon wa'azi ba. Ta dai ce, "Lawali, ga ƙanenka nan. Ko da rai ko ba rai, kada ka bar shi a wulaƙance."

Suka sami aiki a gonar koko ta wani dattijon Batone, wato ɗan ƙabilar yankin, mai suna Kwabina, a wani ƙauye cikin kurmi bayan Kumasi. Sharaɗin shi ne su kula da gona, in an girbe su ɗauki kashi ɗaya cikin uku.

Kawu Lawali ba ya zagin Tonawa. Ya ce mutane ne masu karɓar baƙo, sai dai komai nasu daban. Sakwararsu haɗiye ta ake yi, ranar da ya tauna yara suka yi ta birgima don dariya. In mutum ya mutu, ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa, ɗansa na cikinsa yana kallo. Gawa kuwa sai ta yi kwanaki ana kiɗa da rawa kafin a binne. Kuma a ƙauyen nan ba a sara ƙasa ranar Alhamis, don sun ce ranar hutunta ce. Wannan dokar ta yi wa Hamisu daɗi. Yakan ce, "Yaya, mu kai ta gida mana, ko Inna ta bar mu mu yi barci."

A damina ta biyu zazzaɓi ya kama Hamisu. Da hantsin wata Alhamis ya cika.

Lawali ya yi masa wanka, ya je ya faɗa wa mai gona. Kwabina ya yi hawaye na gaske. Ya ce da shi, cikin Tonancin da Lawali ya fara ji, "Yaron nan ɗana ne. Ka bari sai Asabar. Zan sa a yi masa akwati mai kyau, a kira makaɗa, gari duka ya fito."

"Baba, na gode. Amma mu ba mu barin gawa ta kwana."

"Ka san wace rana ce yau?"

"Na sani. Shi da ya ɗauki ran ma ya sani."

"To gobe da sassafe."

"Gobe ya kwana ke nan."

Kwabina ya ce in aka sara ƙasa yau, dattawan gari ba za su yafe ba, shi ma ba zai iya tsaya masa ba. Lawali ya durƙusa ya sake yin godiya, ya tashi ya ɗauki diga.

Na tambaye shi, "Kawu, ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce, "Ɗana, na ji mana. Amma duk sarar da na kai, fuskar Inna nake gani."

A gefen gona ya haƙa, inda sukan zauna cin abinci. Kafin ramin ya kai gwiwa mutane sun kewaye shi. Mata suka ɗora hannu a ka suna ihu. Wani saurayi ya zo ya riƙe ƙotar diga. Lawali bai buge shi ba. Ya sakar masa, ya ɗauki adda ya ci gaba. Aka ƙwace addar, ya durƙusa ya sa hannu yana yaƙushin jar ƙasa.

Wani dattijo ya ce, "Kai baƙo, hauka kake?"

"I, Baba. Ku ɗaure ni in na gama."

Ba wanda ya sake taɓa shi. Wasu leburori biyu Zabarmawa daga gonar maƙwabta suka ratso taron, suka karɓi diga suka ci gaba da haƙa. Ana cikin haka wata yarinya ta ajiye farin yadi sabo a kan ganye ta ruga da gudu. Uwar Kwabina ce ta aiko, tsohuwar da ta fi kowa ɗaga murya ɗazu. Da shi aka yi likkafani. Su uku suka yi salla, suka rufe Hamisu kafin la'asar.

Washegari dattawa suka yanke masa tarar tunkiya da kwalaben giya, don a ba ƙasa haƙuri. Ya ce, "Tunkiya zan bayar, don na shiga dokarku ina sane. Giya kam hannuna ba zai saye ta ba." Suka ce to ya bar musu gari. Ya bari, koko na nuna a jikin itace, bai ɗauki ko ƙwaya ba.

Ya iso Madarumfa a bayan motar goro, daga shi sai tabarma da rigar Hamisu. Tsaransa sun dawo da kekuna da rediyo. Har yau abokan wasansa na tsokanarsa.

"Alhamis, ina keken da ka zo da shi daga kurmi?"

"Yana ƙarƙashin ƙasa, ka je ka tono."

Ranar da ya iso, Hajara tana surfen hatsi a tsakar gida. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta ga rigar a hannunsa. Ta jingine taɓarya a bango. Sannan ta ce, "An yi mai salla?"

"An yi, Inna."

"Ya kwana?"

"Bai kwana ba."

Ta karɓi rigar ta ninke. Ta ce, "Shiga ka sha ruwa."