Filashin Yaya Bello da jan rubutu

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Da safe na kunna kwamfutar shagonmu na buga takardu a Yelwa, sai jan rubutu: an kulle komai, sai mun biya. Takardun neman aikin mutane na ciki, yau za su karɓa!

Ashe Yaya Bello ne ya soka mata filashin da aka tura masa fina-finai a kasuwa, ya kwaso mana manhajar ɓarayi. Wai injiniya! Ya ce, "Zafi ta ɗauka." Wallahi mafici ya ɗauko yana mata fifita!

Na kira malamarmu ta kwamfuta. Ta ce, "Cire intanet, kar ki biya ɓarayin nan. A goge komai a sake saitawa. Kina da kwafin takardun?"

Alhamdulillahi, yana jakata!

Yaya Bello ya ce, "To fina-finaina fa?"