Agogon da Na Kai wa Surukina

Wata biyar ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko wayata ce ta ɓace, wayar tana nan. Kunya ce ta rufe min baki.

Wasunku za su tuna hoton da na sa bayan ƙaramar Sallah: hannuna da baƙin agogo, na rubuta cewa mai ciwon suga ya huta da huda yatsa. Har rantsuwa na yi, ni da nake koyar da kimiyya a sakandare a Birnin Kebbi.

Shekara shida ina fama da suga, na gaji da tsinin allurar gwaji kowace safiya. Da na ga tallar agogon a waya, wai ɗaurawa kawai za ka yi ya faɗa maka yawan sugan jininka, sai na sayi biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na Baba, mahaifin matata Saratu, manomin albasa a Argungu, wanda shi ma ciwon ke damunsa. Da kaina na kai masa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ajiye a bakin tabarma. Ya sa albarka bai ɗago ya dube ni ba, kamar yadda surukai suka saba.

Kullum agogon labari mai daɗi yake ba ni: biyar da ɗigo shida, biyar da ɗigo takwas. Na jefa tsohuwar na'urar gwajina a durowa. Na rage magani da kaina, daga baya na daina.

Ƙishirwa ta taso, na ce zafin gari ne. Fitsari ya yawaita, na ce ruwan da nake sha ne. Ƙusa ta soke ni a ƙafa a bayan gidanmu a unguwar Gesse, ciwon ya yi sati uku bai kama hanyar warkewa ba, har ya fara wari. Saratu ta ce mu je asibiti, na yi mata musu.

A ɗakin malamai na yanke jiki na faɗi.

A asibiti nas ta huda yatsana, ta duba, ta sake hudawa. Ashirin da bakwai. Na ɗaga hannu na nuna wa likita agogona, yana kan biyar da ɗigo bakwai. Ta ce, "Malam, wannan abin bai taɓa sanin me ke cikin jininka ba."

Yatsun ƙafa biyu aka yanke min. Kwana ashirin da uku a gado, ƙarin ruwa, allurar insulin, wankin ciwo kowace safiya ina cizon filo. Babur ɗina ya tafi a kuɗin magani.

Ga abin da ya fi yankan ciwo a wurina. Saratu ba ta nan lokacin da likita ta yi maganar, sai na tura agogon ƙarƙashin filo, na ce wa kowa ƙusa ce. Na san ɗayan yana hannun Baba, na san zai iya barin maganinsa kamar yadda na bari. Kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Da wane baki zan ce wa surukina kyautata za ta iya kashe shi?

Rana ta biyar sai ga shi ya zo dubiya, agogon na ƙyalli a hannunsa. Na juya fuska ga bango, na faɗa wa Saratu komai yana ji.

Bai yi magana da ni ba, 'yarsa ya duba. Ya ce, "Hwaɗa mishi ya kwantar da hankalinai. Ranad da yak kawo shi nid ɗaura ma albasa, ita ma yab ba ta biyar da ɗigo shida. Ban bar maganina ba ko rana guda. Ado nika yi da shi, don kada a ce na rena kyauta."

Saratu ta ce, "Baba, mi yah hana ka hwaɗi?"

"In ce ma surukina, malamin makaranta, ƙarya yak kawo min? Na aza shi ma ado yaka yi."

Sai idonsa ya sauka kan ƙafata da ke naɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kwance agogon ya ajiye a kan gado. Ya yi shiru don kada in ji kunya, na yi shiru don kada in ji kunya, yatsuna biyu suka tafi a tsakani.

Masu dubiya suna cewa ƙaddara ce, na yarda. Amma wani ne ya zauna ya ƙera abin da ke nuna lamba ɗaya ga mutum da albasa, ya sayar wa marasa lafiya. Alhakin nan yana wuyansa. Na duba kwalin, babu sunan kamfani, babu adireshi, lambar mai tallar kuma a kashe take. Duk da haka na kai agogunan biyu da kwalinsu hukumar kare haƙƙin masu saye, na rubuta ƙorafi. Ban san inda zai tsaya ba.

Yanzu ina takawa da sanda, na koma aji. Na gode wa Allah, na gode wa likitata da nas-nas, da Saratu da ba ta taɓa goranta min ba.

Duk na'urar lafiya da za ku saya, ku fara nuna wa likita. Ku duba ko akwai sunan wanda ya ƙera ta, ku adana kwalin. Kada ku bar magani don wata lamba ta yi muku daɗi. Idan kun ga abu ba daidai ba ku faɗa, ko da suruki ne ya kawo.

Mutum bakwai suka tambaye ni inda na saya, kuma na faɗa musu. Shida na same su a waya na gargaɗe su. Ta bakwai, wata baiwar Allah ce da ta ce mahaifiyarta za ta saya wa, ban san sunanta na gaskiya ba. Idan kina karanta wannan, ki cire shi daga hannun Mama yau, ki kai ta a huda mata yatsa. Yafiyar da nake nema a wurinki ta biyo baya.