Burtalin da Na Yanka Filotai

A shekarun da albashi ke zuwa sai ya ga dama, ina sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a Safana, ni ke zanen taswira. Wata safiya aka ce sunana ya fito cikin waɗanda za su je ganin yadda manyan birane ke gyara tsoffin unguwanni, da yadda suke shimfiɗa jirgin ƙasa na cikin gari. Wata ƙungiya ce daga waje ta ɗauki nauyi. Sai da na yi dariya. Garin da mutanen ƙauye ke kwararowa cikinsa da tabarmi a ka saboda ɓarayin daji, shi za a koyo wa jirgi? Amma ban ce a'a ba. Wa ya ƙi faɗuwar da ta zo daidai da zama?

Muka fara da Abuja, daga nan muka wuce wani birni a Maroko. Can na ga jirgin. Dogo ne, yana sulalawa a tsakiyar titi ba hayaƙi ba ƙugi, sai 'yar ƙararrawa. Ƙauyanci ya motsa, na shiga na sauka har sau uku ba inda za ni. Wata injiniya ce ke zagayawa da mu, tana Larabci ana fassara mana. Ta tsayar da mu a wani fili mai shuke-shuke, ta ce da unguwa ce cunkus, aka rushe don jirgi ya samu hanya. Na tambaya ina mutanen suka koma. Ta ce an ba su wani wuri. Amsar ta yi mini daɗi, gajera, ba gardama. Na rubuta ta a littafina.

Da muka dawo, shugabanmu ya ce ba zai karɓi labarin baka ba, a fito da abin nunawa. Masu gudun hijira kuma na neman inda za su kafa ko da ɗaki guda. Na baje taswira, na ga wani dogon fili miƙe daga yammacin gari har bakin tafki, ba gida ba gona. Na ja layi, na yanka filotai dama da hauni, har na bar sarari a tsakiya wai don jirgi, ko bayan ranmu.

Ni ɗan Karare ne, a gona na tashi. Na san burtali, hanyar da manoma ke bar wa shanu su bi zuwa ruwa, wadda ko mai rigimar iyaka ba ya kai mata garma. Amma cikin rani muka fita awo, lokacin da garkunan shanu duk sun yi kudu neman ciyawa. Ba sawu, ba kashin shanu ɗanye. Na ga tsoffin itatuwan aduruku jere gefe da gefe, irin na shingen burtali, zuciyata ta gaya mini gaskiya, na ce mata ta yi shiru. Muka kafa duwatsun shaida muka tafi.

Ruwan farko na sauka, wani dattijo Bafulatani ya zo ofis. Ya tuɓe takalmansa tun daga baranda, ya jingine sanda, ya durƙusa, abin da har yau yake ƙona mini rai, don ya haifi kamata. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Sannan ya ce, "Malam, mun dawo daga kudu, mun iske bulo a kan hanyarmu. Tun kakana nan muke bi. Ta ina shanu za su sha ruwa?"

Na ce, "Baffa, tashi ka hau kujera."

Ya ce, "Nan ma ya isa. Ta ina za mu bi?"

Sai amsar nan ta cikin littafina ta faɗo mini. Na ce, "Ku ɗan yi haƙuri, Baffa, za a ba ku wani wuri."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kai ka faɗa?" Na ce ni na faɗa. Ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya fita.

Na rubuta takarda guda, ban ɓoye ba, guda ɗaya tak. Ta shiga fayil, ban bi sawunta ba. Waɗanda suka samu filotan su ma abin tausayi ne, da wannan na riƙa lallashin kaina. Daga baya aka mayar da ni Batsari. Sai dai duk lokacin da aka ce an kore shanu a wuri kaza, ko an kashe makiyaya, nakan tsinci kaina ina tambayar kamannin mutanen. Tsoro nake ji, kuma na san dalili.

Wata ranar kasuwa na tsaya sayen fura wurin wata tsohuwa. Tana damawa tana kallona. Ta ce, "Ba kai ne malamin ofis na Safana ba? Maigidana ya taɓa nuna mini kai a bakin hanya."

Nan na gane matar dattijon nan ce. Na ce, "Inna, yana ina?"

Ta ce ya rasu. 'Yan'uwansu duk sun yi kudu ba su dawo ba, sun yi ta aiko masa ya biyo su, ya ƙi. Ya kafa ruga a bakin daji inda akwai ɗan ruwa, ya ce kada su yi nisa, malamin ofis ya ce za a ba su wuri, kada a zo nema a rasa su. Damina biyu yana jira. A ta uku ɓarayi suka zo da tsakar rana suka kore garken duka. Bai kai kaka ba.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu, ta ce, "Jikokina na da 'yan tumaki. Malam, an samu wurin kuwa?"